Nomau da Tsatsar Ƙarƙashin Mota

A Unguwar Gwanki akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Ya kusa shekara arba'in, yana zaune a gidan yayarsa Tabawa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata bijimai biyu da sana'ar man gyaɗa. Nomau ba rago ba ne, ba ya kuma ƙarya. Har tuƙi ya iya, don ya daɗe yana jan tarakta a gonar wani attajiri. Matsalarsa guda ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya jira ka a bakin ƙofa ka manta, to gobe a nan za ka tarar da shi.

Tabawa ta gaji da hawa motar haya da jarkokin mai, sai ta yanke shawarar sayen mota Nomau ya riƙa kai ta kasuwa. Wani dillali, Alhaji Sallau, ya kawo mata tsohuwar mota 'yar Kwatano, ya karɓi bijiman nan biyu a madadin kuɗi. Aka yi sharaɗi a gaban mai unguwa: ta riƙe motar kwana bakwai, in aibi ya bayyana a mayar mata da shanunta, amma in ita ta ɓata wani abu a jikin motar, ta zama tata. Tun ranar hankalinta bai kwanta ba. Ta ji ana cewa irin motocin nan daga ƙasashen ƙanƙara suke, inda ake zuba gishiri a titi, gishirin ya yi ta cin ƙarfensu ta ƙasa. Ga saman motar ya koɗe, amma ƙarƙashinta baƙi wuluk, sai sheƙi yake kamar jiya aka shafa. Ga Alhaji da yawan murmushi, ita kuwa ba ta yarda da mai ciniki da bakinsa ba ya rufuwa.

Wata rana da safe ta ce, "Nomau, shiga ƙarƙashin motar nan ka nemo min tsatsa. Kada ka fito sai ka gan ta." Ya ce to, ya shimfiɗa buhu ya shige. Ta tafi wajen suyar gyaɗarta ta manta da shi. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Da ta fito zubar da toka sai ta ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin mota, kaza na kwance a tsakaninsu.

"Kai, me kake yi har yanzu?"

"Yaya, ban gan ta ba tukuna. Ko'ina baƙin fenti ne."

"To fito!"

"Kin fasa ke nan?" in ji shi, don shi yana son a faɗa masa a sarari. Tabawa ta ja shi ta ƙafa, zuciyarta na cewa wanda ya shafa fentin nan ya san abin da yake ɓoyewa.

Wata rana kuma Jatau bakanike ya zo wucewa, ya zaga motar ya ce, "Ruwa ke kawo tsatsa, Nomau. Kada ka bar ko ɗigo ya kwana a jikinta." Nomau ya riƙe wannan gam. Ya ɗauko kujera ya zauna a gefen mota, ya hana 'yan ga-ruwa bin layin, ya sa liman ya matsa da butarsa can gindin darbejiya. Can sai ya tuna ai akwai ruwa a cikin motar kanta. Ya kwance lagireto ya tsiyaye shi tas, ya goge da tsumma. Washegari suka ɗauki gyaɗa za su kai inji, ba su wuce kukar bakin gari ba mota ta fara hayaƙi ta tsaya. Sai da ƙarti shida suka turo ta gida, Tabawa na biye tana addu'a Allah ya sa injin motar bai ƙone ba. Allah ya taimake ta, da aka zuba ruwa ta tashi.

Wata rana Jatau ya sake leƙowa. Ya ce, "Maganin tsatsa shi ne a shafe ƙarƙashin motar da mai. Ko wane iri ne, in dai ya rufe ƙarfen." Shi baƙin man gareji yake nufi, amma ai ya ce ko wane iri. Nomau ya shiga ɗaki ya ɗauko jarka biyu na man gyaɗar da Tabawa ta kwana uku tana matsa. Kafin yamma duk karnukan unguwa sun hallara suna lasar ƙarƙashin mota, tururuwa kuma ta yi layi tun daga bakin rariya. Tabawa ta ga jarkokinta wayam, ta zauna daɓas ta yi kuka. Da ta share hawaye sai wani tunani ya zo mata: me ya sa Jatau a rufe kawai yake cewa, bai taɓa cewa a kankare a gani ba? Kuma ba shi ta gani ranar kasuwa yana cin tsire da Alhaji Sallau ba? Ta ɗauko wuƙa za ta kankare fentin da kanta, sai ta tuna sharaɗi, ta mayar da wuƙar. Tsoro ya kama ta sosai, don bijiman nan su ne iyakar abin da ta mallaka.

Wata rana, ranar da kwana bakwai suka cika, Alhaji Sallau ya iso da mai unguwa, mutane suka taru. Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ban yarda da ƙarƙashin motar nan ba. Sai dai ba ni da abin nunawa."

Alhaji ya yi dariya ya bubbuga motar. "Haba, Hajiya! Wannan ƙarfen Turai ne. A ɗauko guduma a dake shi, in ya motsa ki kwance shanunki!"

Kowa ya yi dariya, don an san maganar dillalai ce. Ba wanda ya lura Nomau ya bar wurin. Mai unguwa ya buɗe baki zai ce ciniki ya faɗa ke nan, sai ga shi ya dawo daga maƙera da ƙatuwar guduma a kafaɗa.

"Nomau, kada ka..." Tabawa ba ta ƙarasa ba ya riga ya ɗaga. Ta rufe ido, ta ce shi ke nan, shanu sun tafi.

Gudumar ta faɗa ƙasan ƙofa ta shige har ƙota. Ba a ji ƙarar ƙarfe ba, sai wani sauti kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Tsatsa ta zubo ja kamar garin barkono, sai ga guntun kwanon rufi, sai ga takardar buhun siminti da aka cusa aka bi da fenti.

"Wasa fa nake!" in ji Alhaji, murmushi ya gudu.

"Ba ka ce wasa ba ne," in ji Nomau.

Mai unguwa ya sa sandarsa ya tona ramin, wani ɓangare ya ƙara faɗowa. Ya ce, "A gabana ka faɗa, Alhaji. Aika a kwanto mata shanunta."

Da bijiman suka shigo layin, Tabawa ta kama igiyarsu, ta dubi ƙaninta ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Alhaji kuwa ya kaɗa riga yana huci. "To a ba ni motata cif, kada in ga wani abu ya yi saura!"

Nomau ya ce to. Ya shiga gida ya ɗauko tsintsiya da tsohon kwano, ya share tsatsar nan tsaf har da ta cikin ƙasa, ya rusuna ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ga sauran motarka, Alhaji."