Tsohon da ke Jikin Gilashi

Ba zan taɓa mantawa da wani yinin bayan Sallah a Dala ba, ranar da na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ita kuma ta ce ba da ita ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ban daɗe da auren Zulai ba, kuma babu abin da ya tsaya min a rai kamar kakarta, Hajiya Yalwa. Ita ta raine ta, ita ce kuma gidan gaba ɗaya. Wanda ta sakar wa fuska ya shiga dangi, wanda ba ta sakar wa ba kuwa, ko zai shekara yana kawo goro, baƙo ne. Sauran mazajen jikokinta tsokanarsu take yi, ta kira wannan mijinta marowaci, ta ce wancan ya rame don ba a iya masa tuwo ba. Ni kuwa in na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa min kamar wani ma'aikacin ƙidaya: "Lafiya lau, Malam. An gode." (Wanda bai sani ba zai ce girmamawa ce. A gidan kakanni, in tsohuwa ba ta fara yi maka tsiya ba, to ba ka iso ba tukuna.) Na kai atamfa, na kai zuma, na kai man shafawa na ciwon gwiwa, duk dai an gode.

A ɗakinta akwai wani ɗan ƙaramin hoto maƙale a gefen madubi. Zulai ce ta ɗauka da waya ranar da aka raka Hajiya sansanin alhazai. Tana zaune a motar da za ta kai su filin jirgi, taga a rufe, sai gilashin ya kwaso duk abin da ke waje ya zuba mata a fuska: hasken rana, 'yan rakiya, lemar mai sayar da ruwa, da inuwar wani dogon tsoho mai rawani da ta rufe mata rabin fuska. Na taɓa tambayarta dalilin ajiye hoto dishi-dishi haka. Ta ce, "Mayafin ne ya yi min kyau." Ni kuma na yarda.

A makarantar da nake koyarwa ni ake kira in kwamfuta ta yi gardama, don haka ina jin kaina. Wata rana na ci karo da wata manhajar gyaran hoto mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, wadda aka ce tana cire inuwar gilashi daga hoto. Nan take Hajiya ta faɗo min a rai. Na lallaɓa na tura hoton daga wayar Zulai zuwa tawa ba tare da na gaya mata ba, don so nake in yi wa kowa ba-zata.

Jama'a, na ga ikon Allah. Danna ɗaya na yi, abin ya ɗan yi tunani, sai gilashin ya ɓace kamar an sauke tagar. Rana ta tafi, lema ta tafi, 'yan rakiya suka watse, tsohon ma babu shi. Ga Hajiya tar, har rabin fuskar da ya ɓuya ya fito, da 'yar tsagar da ke kumatunta, da zanen furen mayafin. Na yi kabbara ni kaɗai a ofis. Na mayar da inuwar, na sake cirewa, na sake mayarwa, kamar yaron da aka kawo wa wuta gidansu yau. Ta yaya na'ura ta san wanne haske ne na cikin mota, wanne ne na waje? Ni da idona biyu ban iya raba su ba. Na lura ma ashe ba mai ɗaukar hoton Hajiya take kallo ba, idonta yana gefe, cike da ƙwalla, da wani ɗan murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba. Na ce a raina shauƙin Makka ne.

Na sa aka wanke shi babba, aka sa masa firem mai ruwan zinare, na naɗe shi da takarda, na jira ranar da dangi ke haɗuwa.

Ranar tsakar gidan ya cika. An shimfiɗa tabarmi, ana cin waina da miyar taushe, Hajiya tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, babban ɗanta Baffa Sani yana kan kujera a gefenta. Na matsa na durƙusa, na warware takardar. Da farko abin ya tafi yadda na tsara. Wata gwaggo ta ce, "Laa ilaha illallahu, kamar ta yi magana!" Yara suka taso. Ni kuma kaina ya fasu. Da na miƙa hoton na koma na zauna, da an rabu lafiya, amma baki shi ke yanka wuya. Na zaro waya na buɗe hoton asali, na fara lacca.

"Kun ga yadda yake da? Kun ga wannan tsohon? Irin 'yan kallon nan ne na sansanin alhazai, ba wanda suka rako, sai tsayuwa a hanya. Ya zo ya dasa rawaninsa a fuskar Hajiya. Danna ɗaya na yi, na'ura ta kora shi gida."

Na yi dariya. Sai da na yi nisa a cikinta na gane ni kaɗai nake yi. Gwaggon nan ta ajiye wainar da ta ɗauko. Zulai ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya.

Baffa Sani ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, "Malam ne."

"Wane Malam?" (Eh, na tambaya. Da bakina.)

"Mahaifinmu."

Ban taɓa ganin marigayin ba, ya rasu kafin in fara neman Zulai. Daga baya na ji sauran bayanin. Malam bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba, duk gidan babu ko ɗaya. Ranar nan ya tsaya a jikin motar yana yi wa matarsa addu'ar tafiya, kuma tana Madina Allah ya karɓi abinsa. Wannan inuwar ita ce ganinta na ƙarshe da shi. Kowa a gidan ya sani, ba mai faɗa, domin Hajiya irin matan da ce, ko sunansa ba ta ambata, balle ta yarda cewa hoton miji take kallo. Shi ya sa dangi duka suka haɗu suka bar zancen a kan mayafi.

Ni kuma ban tsaya a korar Malam ba. Da na ɗauke inuwar, na tone kallon da take yi masa, na sa shi a firem, na kawo gaban 'ya'yanta da jikokinta. Hajiya ta dubi hoton sau ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta ce, "An gode, Malam. Ku juya shi bango."

Ban san yadda na fita daga gidan ba. A adaidaita sahu, muna wuce Ƙofar Ruwa Zulai ta ce, "Da ka tambaye ni." Na ce mata ba-zata na so in yi. Ta ce, "Ai kuwa ka yi."

Na yi kwanaki ina jin kunyar ko bi ta unguwar. Na sake buɗe manhajar da niyyar goge ta daga wayata, sai na ga wani ɗan layi da ake ja a ƙasan hoton. In ka ja shi dama, inuwa ta tafi. Na ja shi hagu don in gani. Motar ce ta ɓace, Hajiya ta ɓace, abin da ke jikin gilashin ya fito shi kaɗai. Ga Malam a tsaye, farin gemu, carbi a naɗe a hannu, tafukansa a buɗe, bakinsa a tsakiyar addu'a. Ashe duk shekarun nan yana nan a cikin hoton cikakke, na'ura ce kawai ta iya tsamo shi. Na daɗe ina kallon mutumin da na kira ɗan kallo, har sai da idona ya kawo ruwa.

Na wanke wannan ma, na kai mata ni kaɗai, ranar da ba taro. Ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ta daɗe. Na ga babban yatsanta yana bin gefen rawanin. Na ce a raina yau dai na wanke kaina.

Sai ta miƙo min abina.

"Malam ya hana a ɗauke shi hoto," ta ce. "Wannan kuwa hotonsa ne, ba zan ajiye ba. Wancan ni aka ɗauka. Shi gilashi ne ya kawo shi, ba laifin kowa."

Duk karatuna ban taɓa jin fatawa mai kyau irin wannan ba.

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Da farko ka kore shi, yanzu kuma ka kore ni. Wai me muka tare maka ne, ɗan nema? Tashi ka wanko min na asalin, babba, yadda yake, kada ka taɓa komai. In hannunka ne ke ƙaiƙayi, ga tsintsiya can, tsakar gida na jira."

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Har na miƙe zan ɗauki tsintsiyar, ta ce in zauna kada in share mata kaji. (Hoton Malam kuwa, Baffa Sani ya tare ni a zaure ya karɓe, ya cusa cikin babbar riga, ya ce ni da shi ba mu haɗu ba.)

Yanzu babban hoton yana rataye a ɗakinta da rana da lema da komai. Duk baƙon da ya ce ai akwai na'urar da ke gyara irin wannan, sai Hajiya ta nuna ni da baki ta ce, "Tambayi mijina, shi ne gwani." Ni dai tun daga lokacin, in na ga datti a gidan surukai, sai na tambaya ko na gado ne kafin in share.