Rasuwar Iya Sannu-Sannu, Kwamfutar Akawu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, Akawun ofishin buga takardu yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Iya Sannu-Sannu. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinta na kusa da taga, bayan shekara goma sha huɗu a bakin aiki.

Marigayiya mai natsuwa ce, ba ta da rawar kai. Tun da tsufa ya kama ta, Mai Gyara ya saita ta yadda ba za ta sabunta abin da ke kan allonta ba sai bayan daƙiƙa uku, kuma ko a nan ɗin, inda ya canza kawai take taɓawa, ta bar sauran yadda yake. Da wannan tsari ta zauna lafiya, ba zazzaɓi ba tari. Ka danna harafi, ka kurɓi shayi, sannan harafin ya fito cikin mutunci.

Abin da Akawu bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, da yatsa biyu yake bugu, yana laluben kowane harafi kamar mai neman allura a tsakar gida. Shekara da shekaru, duk wanda ya yi ƙorafin jinkiri, sai ya nuna allo ya ce, "Ni fa na gama tuntuni, Iya muke jira." Ita kuwa baiwar Allah ba ta taɓa tona masa asiri ba.

Ciwon ajali ya zo ne tare da sabon Manaja, wanda ya tsaya a kanta ya ce, "Wayata ma sau sittin take sabunta fuska a daƙiƙa ɗaya. A mayar da wannan haka."

Mai Gyara ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙwaƙwalwarta ba za ta ɗauka ba. Ko a yi mata sau goma?"

Manaja ya ce sittin. Akawu ya yi ta roƙo har da cire hula, kowa ya ɗauka tausayi ne zalla.

Minti ashirin ta yi tana zafin nama irin na ƙuruciya, kuma duk tsawon lokacin Akawu yana banɗaki. Daga nan fankarta ta ce fuuu, ta ce ƙirrr, aka ji ƙauri, ta yi ɗif.

Ta rasu ta bar firinta mai cin takarda, da tsohon kebul da aka ɗaure da tsumma, sai kuma Akawu, wanda ya fi su duka zama maraya. Manaja ya riga ya sayo sabuwa, tana nan cikin kwali, an ce ita kafin ka ɗaga yatsa ta nuna abin da ka buga.

Za a ɗauki gawar gobe da ƙarfe goma zuwa shagon Mai Gyara, inda za a cire abin da zai moru. Zaman makoki a ofis ne. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada kowa ya riƙo takardar bugawa, domin baƙin ciki ya sandarar wa Akawu da yatsu takwas, kuma likita bai ce ga ranar da za su sake ba.