Kaset ɗin Lawali

"Ina gajiyar jiya, uwargida?"

"Gajiya ta bi lahiya. Kai ne ba a tambaya, tunda ba a taɓa ganin ka da zuhwa ba."

Haka Iya A'i ta tari jikanta Alkasim, tela a kasuwar Tasawa, tun bai gama cire takalmi ba. Ita ta aika a kira shi, amma wanda ya ga fuskarta sai ya rantse roƙo ya kawo shi.

Jiyan da ake magana gidan ya cika maƙil. Uban Alkasim, Lawali, ya tafi Libiya tun babban farin da ya kwashe musu shanu a Hawan Dawaki, ga shi yanzu ya aiko da tele mai haɗe da bidiyo, da kaset guda na gaisuwa. Bana ma damina ta yi gardama, ba wani abin murna a gari, don haka unguwa ta taso kaf. Iya A'i ta zauna a gaba, ta cika ta batse. Lawali ya fito a gilashi ya bi dangi da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Da ya ce, "Saura ta cikin gida," sai ta yi zumbur ta fice, wai awaki sun shiga rumbu. Lawali ɗanta na fari ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ƙura masa ido a gaban mutane ba, kuma ba a gaban maƙwabciyarta Zara'u za ta fara ba. Kafin ta dawo an gama, mata suna ta yi mata barka, suna cewa ai ta ji abin da ya ce. Ta ce ta ji. Ba ta ji komai ba, abin yana cin ranta, tambaya kuwa gara ta haɗiye harshenta.

"An ce kina nemana," in ji Alkasim. "Ko zawarci ya ishe ki, kin yarda in maido ki?"

"Wa za ta koma ma mijin da ko allura sai ya ara? Akwatin ga nika so ka gwada mani. Kokowa zan kalla."

"Kokowa? Ke da ɗan akuya ya ture ranar Lahadi sai da anka tara mutane?"

"Zamewa na yi. Kunna."

Ya latsa maɓalli. Wani soja ya fito da takarda a hannu yana karanta sanarwa.

"Wanga kullum shina nan? Ba shi da gona?"

"A hankali, tsohuwa, bango na da kunne. To ga tele nan, kin gama lakwal, an tashi makaranta, in tahi?"

"Zauna. Wanga bakin na ƙasa, mi yaka ci?"

"Kaset. Amma ba kokowa cikin namu, mutum guda ne zaune bisa kujera."

"Na tambaye ka abin da ke ciki? Miƙo."

Ta karɓa ta tura shi ta baya, akwatin ya ƙi. Ta juya ta tura a kife, ya ƙi.

"Ya san hannun 'yan ƙauye," in ji Alkasim.

"Rowa ce, a wurinka ya koya."

A na uku akwatin ya fizge kaset ɗin daga yatsunta ya haɗiye. Ta zabura, amma ta gyara zama kamar kullum haka suke yi da shi.

"To, jiya mun cinye shi har ƙarshe, sai an maida shi baya. Kin ga kibiyoyi biyun ga masu kallon hagu?"

"Yi mani maganar mutane. Ina sunka dosa?"

Ya duba ƙofa, ya duba rana. "Mayayi."

"Waɗancan hwa?"

"Damagaram. Su gaba suka kai mutum."

"Shi ke nan. Mayayi baya, Damagaram gaba. Wanga ne karatun da kake ma mutane yanga da shi?"

"In an juya akwatin hwa?"

"Wa zai juya mani kaya cikin ɗakina?"

Ta danna na Mayayi da babban yatsa, da ƙarfin da take murƙushe daddawa. Akwatin ya kama gurnani.

"Sannu dai, ba ƙwarƙwata ba ce. Wanga mai kibiya guda shi ka sa shi magana. Wanga mai taɓare biyu a tsaye kuwa, in kin taɓa, mutum ya daskare, ko ƙibta ido ba ya yi sai kin sallame shi."

Iya A'i ta ƙura wa maɓallin ido. Wannan ne ta fi so, ba ta ma san akwai shi ba.

"Da ana saida irin shi na mutane, da na saya maka."

"Da tuni na latsa ma bakinki. Saura ja. Shi kada ki kusance shi. Shahe wanda ke cikin kaset yakai, ya ɗora abin da tele ke nunawa."

"Ya shahe shi? Ya ɗora sojan ga a kai?"

"Har abada."

Ta janye hannunta ta ɓoye cikin zane. Wasa ya fita daga muryarta. "Hidda shi."

Alkasim ya dube ta, bai yi dariya ba. Ya fito da kaset ɗin, ya sa farce ya ɓalle wani ɗan haƙori a gefensa, ya mayar.

"Yanzu ko kin kwana bisa ja, ba abin da zai same shi. Ya zama irinki, ba haƙori, kuma ba mai canza mishi magana."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganin shi. Tashi ka ba ni wuri."

"Ni ma kokowar nika so."

"Je ka duba mani awaki."

"Waɗanda sunka shiga rumbu jiya? Rumbun da ko ɓera ya yi mishi sallama?"

Ta ɗaga muciya. Ya fita yana dariya, ya zauna a bakin ƙofa, ya ba ɗakin baya.

Ta ce bisimilla ta taɓa mai kibiya guda. Gaisuwar dangi ta yi mata tsawo, ta kora ta Damagaram, ta zarce, ta dawo Mayayi, ba wanda ya taya ta. Da fuskar Lawali ta cika gilashi sai ta danna taɓare biyu. Ya tsaya. Furfura ta fito masa a gemu, goshin ubansa ne sak, rigarsa fara sol. Tun yana goye take kawar da kai, yau ta dube shi son ranta, ba mai ganin ta. Tausayinsa ya kama ta, alfahari ya fi tausayin yawa. Sai da ta ƙoshi ta sallame shi.

"Saura ta cikin gida," in ji Lawali. Ya sunkuyar da kai, shi ma kunyar ce. "Alkasim, ka hwaɗa ma matarka tsohuwa, in Allah ya kai mu ruwan shuka, da ni za a yi. Na gama zaman waje. Ta aje iri."

Ta koma Mayayi ta sake ji. Ta sake komawa.

"Uwargida," in ji Alkasim daga waje, "wa ya yi kaye?"

Ta goge ido da bakin zane, ta gyara murya. "Akwai geron da na ɓoye cikin tulu, na yi niyyar daka maka hura da shi gobe. Ka rasa. Mai shi ya ce a aje."

"Ban ji ba. Wa ya yi kaye?"

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda rabon ta da yi tun kafin shanu su mutu.

"Kai ma ka san ɗan wa ne. Kama zakaran can ka tahi, mara kunya, kuma ka biya ka ce ma Zara'u ta zo ta ga yadda aka sarrahwa tele."