Man Shanun Bakin Taga

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukata ta zo Batsari daga Zakka ba, kuma wallahi na yi ƙoƙarin mantawar. Matata Hadiza na da tsohon ciki, na fari, Inna ta zo tafiya da ita goyon ciki. Ni kuwa raina bai so ba. Wa zai zauna watanni yana hira da bango? Sai na aika ta bakin Hadiza (mutum ba ya tsayawa gaban surukarsa yana musu) cewa a bar min ita, komai zan iya, har girki.

Inna ta ce, "To madalla. Ya yi mana na rana mu gani."

Na tuƙa tuwon dawa, ya yi gudaji amma ya tsaya. Miyar kuka ma ba laifi. Saura man shanu, kuma da shi na dogara, don matar da ta tsufa cikin shanu da mai ake sace zuciyarta. Na hango gwangwani a bakin taga, na buɗe, ɗanyen mai ne, ya ɗan yi ja-ja, har da wani siririn tsinke a ciki. Na ce kai, Hadiza akwai tsari, har abin motsawa ta tanada!

Na juye a kasko, na yanka albasa, ina juyawa da tsinken har kumfa ta kwanta. Ranar mura ta toshe min hanci, ba na jin ƙamshin komai. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam, amarya aka kawo ne?" Na ce, "Girki ne, Hajiya," ina wani hura hanci. Na zauna na ɗanɗana malmala biyu (ɗanɗano ne, ba ci ba), sannan na kwarara wa Inna mai har tuwon na iyo. Na durƙusa na miƙa, na koma bayan labule na kasa kunne.

Loma ɗaya ta kai. Can na ji ta ce, "Hadiza, me ya sa tuwon nan ke ƙamshin kanki?"

"Innalillahi! Man kitsona!"

Ashe mai ne da ta haɗa da turare da kanumfari don kitson haihuwa. Tsinken kuwa na tsagar kai ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ba ta ko ɗaga murya ba. "Ki ce masa ya yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Ɗauko mayafinki, kada in zo suna in tarar ya zuba wa mutane sabulun jariri a miya."

Da la'asar na yi gyatsa a sahu, dattijon da ke gefena ya tambaye ni inda nake sayen turare.

Sun tafi, na dawo ni da bango da mai shayi. Yau ɗiyarmu har ta fara gudu, amma in na je gaida Inna aka kawo tuwo, sai ta ce, "Ku kawo masa mai, na ci ba na kai ba." Ni dai na koyi abu ɗaya: in za ka cika baki gaban suruka, bari mura ta sake ka tukuna.