Uban Marayu Ya Shiga Fili

A duk faɗin garin Cedar Fork na Amurka babu mai ƙaunar matasa kamar Mista Orval Tackett, mai ƙungiyar wasan ƙwallon besbol ta Tarwaɗa. Shi da bakinsa ya sha faɗa, kuma kowa ya san dillalin tsofaffin motoci ba ya ƙarya. Tsabar ƙauna ce ma ta sa ba ya ba 'yan wasansa albashin kirki, don kada kuɗi su lalata musu tarbiyya. Mutanen gari suka laƙaba masa Uban Marayu. Ya ji daɗin sunan har ya sa aka rubuta a ƙofar ofishinsa.

Da majalisa ta fara shawarar cire 'yan wasan ƙananan ƙungiyoyi daga dokar albashi da awannin aiki, shi ya riga kowa hawa jirgin Washington. Ya tsaya gaban kwamiti, ya dafe ƙirji.

"Ranku ya daɗe, abin nan sunansa wasa. Wa ya taɓa biyan yaro ladan wasa? Ga iska, ga motsa jini, ga yawon ƙasa kyauta. Ni da za a bar ni, da kuɗina zan shiga."

Da ya dawo gida, Darla Kowalski ta gidan talabijin ɗin garin ta tare shi a filin jirgi. "To me ya hana ka shiga, yallaɓai?"

Uban Marayu bai taɓa ganin kyamara ya yi shiru ba. Nan take ya yi alkawarin mako guda cur a cikin yaransa, ci ɗaya, makwanci ɗaya.

Aka lalubo wandon wasa mafi girma a sito, ya tsaya a ƙasan tumbi ya ce nan ya iya. Haka aka shiga bas zuwa wasan waje. Na'urar sanyaya motar ta mutu tun bara, shi da kansa ya ce gyaranta almubazzaranci ne. Wuni guda ana tafiya, gwiwarsa a haɓa, Yunior Batista mai cafe ƙwallo yana minshari a kafaɗarsa.

Da azahar aka miƙo masa burodi shafe da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Ya ɗaga, ya leƙa ciki.

"Ina naman?"

Yunior ya buɗe ido ɗaya. "Nama yana babbar ƙungiya, maigida. In sun ɗauke ka, ka gaishe mana da shi."

Masauki kuwa ɗaki ɗaya ne da ƙarti biyar. Katifar iskar da aka ba shi ta ji nauyin arziki, ta sace.

Washegari koci Rufus Ledbetter, tsohon da ba ya dariya ko ranar Kirsimeti, ya ce a zagaye fili. Uban Marayu ya gyara hula, ya ɗaga wa kyamara hannu, ya zabura. Zagayen farko yana jawabi kan amfanin gumi. A na biyu jawabin ya koma huci. Kafin na uku sai ga shi rigingine a ciyawa, ƙafafu sama, kamar an kifar da teburi.

Aka ɗora shi a amalanken kwasar yashi. Darla ta bi su da gudu, ta kara masa abin magana.

"Yallaɓai, yaya wasan?"

"Wane wasa? Wannan aikin ko alfadari ba zai..." Sai idonsa ya faɗa kan kyamara. "Aikin nishaɗi nake nufi, 'yata."

A daren nan duk Cedar Fork ta kalla, har da maimaici. Dokar cire 'yan wasan dai ta wuce abinta, don abokan Uban Marayu na majalisa ba sa kallon ƙananan tashoshi.

Yana kwance a ɗakin shan magani, an ɗora masa ƙanƙara a goshi, yana sanar da nas cewa gobe zai koma ya nuna wa yaran yadda ake yi, sai ga koci Ledbetter ya shigo, hula a hannu.

"Orval, mun duba. Ba ka da gudu, ba ka da hannun jifa. Ƙungiya ta sallame ka."

"Ni ke da ƙungiyar, Rufus."

"Na sani, maigida. Shi ya sa ba sai na gaya maka cewa ba a ba da kuɗin motar komawa gida ba. Ka bar wandon a wanki, akwai mai zuwa gobe."