Don Aniello, Aminin Mutuwa

Duk birnin Napoli babu wanda ya san mutuwa kamar Don Aniello Scognamiglio, tsohon mai kantin magani. Shi da kansa ya faɗa, kuma mutum mai irin wannan gashin baki ba ya ƙarya. Falonsa kaɗai shaida ne. Ƙoƙunan kai a jere cikin kabad ɗin gilashi, agogon yashi mai fukafukai, zoben makoki da aka saƙa da gashin wata matacciya, ga mujiya busasshiya tana harara daga saman firij. 'Yan unguwa suna kiransa Aminin Mutuwa, shi kuma ya ɗauka sarauta ce.

Baƙo bai isa ya sha kofi a gidan ba sai ya sha huɗuba. Don Aniello zai ɗauko ƙoƙon da ya ce na wani janar ɗin Sifen ne, ya ɗaga shi sama.

"Ku dube shi da kyau. Jiya runduna, yau ƙura. Ni da mutuwa mun daɗe da fahimtar juna. Ƙananan mutane ne ke tsoronta."

Gaskiya ne, in motar gawa ta gifta yakan cafki ƙarfen ƙofa, ɗaya hannun kuma ya matse jan ƙahon tsarin da ke aljihunsa. Amma wannan ladabi ne tsakanin aminai. Rinin gashinsa da haƙoran robar da yake sawa kuwa, ai ba ka tarbar aminiya a yamutse.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: shugabancin ƙungiyar jana'iza ta unguwa, da baƙar alkyabbarta da kujerar gaba a coci. Ana gab da zaɓe yayarsa Filomena ta tare shi a bakin rumfar mai kifi, a gaban dattawan ƙungiyar.

"Aniello, wa'adin tono ƙasusuwan Mama ya wuce tuntuni. Kowa ya tono mamacinsa yadda al'ada ta ce, ya goge, ya naɗe a sabon ƙyalle, ya sa a gurbin dangi a bangon maƙabarta. Tamu tana ƙasa kamar marar 'ya'ya. Kullum ka ce mura."

"Mura ce ta gaske."

"To ta warke. Ranar zaɓe da safe za a buɗe. Kai ne namiji, kai za ka riƙe ƙoƙon kanta."

Dattawa suka ce za su zo su ga gwani a bakin aiki.

Ya iso maƙabarta da farar safar hannu da jawabi a baki. Ya tsaya a bakin ramin ya fara: "'Yan'uwa, mene ne mutum in ba..." Sai mai haƙa kabari ya ɗaga murfin akwatin. Janar ɗin Sifen bai taɓa sa ɗankunne ba. Wannan kuwa ga 'yan kunnen mahaifiyarsa na murjani, ga rigar ulun da ta saƙa da hannunta. Aminin Mutuwa ya ce, "Mamma," da muryar ɗan yaye, ya tafi luu, ya kifa cikin ramin.

Aka ciro shi, aka kwantar a inuwa ana masa fifita da hular wani dattijo. Filomena ta naɗe hannun riga, ita da mai haƙa kabarin suka goge ƙasusuwan, suka tattara duk abin da ke ramin, suka naɗe. Aka sa a bango, aka shafe da siminti.

Da ya farfaɗo ya yunƙura zai ƙarasa jawabi, sai leɓɓansa suka faɗa ciki. Ya laluba baki, ba haƙora, ya laluba aljihu, ya dubi ɗanyen simintin.

Da yamma aka ba wani mai gyaran famfo alkyabbar, domin ɗaya ɗan takarar ya ƙi buɗe baki.

A hanyar gida Filomena ta riƙo hannunsa.

"Daina kumbure-kumbure, ƙanena. Mama ta mutu ba haƙori ko ɗaya, tana roƙonka ka yi mata na roba, kana sayen mujiya. Yau dai ka yi mata."