Bangon da Ya Amsa Wa Waisake

"…lafiya ƙalau na tashi, tavale, sai da na hango ƙaton kan nan naka ya riga motarku shigowa layi."

"Ai sai ki gode, shi ya yi miki inuwa. Ina kwana, mai gida ba gida?"

Haka Salanieta da mijina Waisake suke gaisawa tun suna yara a ƙauyenmu can Fiji, kuma zamanmu a Rockhampton ta Ostareliya bai rage komai ba. Uwarta da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka tavale ne su, wato abokan wasa, bakinsu a kan juna ba shi da linzami. Ni Taraivini, an ɗauko ni ne in riƙe kular rogo da kifi, in kuma raba faɗa idan ya yi yawa.

Gidan da Sala za ta saya irin na nan ne, na katako, a ɗage can sama kan dirkoki, matakalarsa kamar za ka hau bishiya. Amma ba shi ya tafi da hankalinta ba. Wani ɗaki ne da aka ƙara a baya, a ƙasa daɓas, ko taki ɗaya ba a hawa. Tsohuwarta za ta zo daga Fiji ta zauna da ita, gwiwoyinta kuwa sun daina hawa komai, kuma Sala ta riga ta gaya mata an samu ɗaki. Lauya ya ce idan mai duba gida ta ga aibu, yau ce ranar ƙarshe da za ta iya janyewa.

"Ni fa ban ga amfanin kiran baƙuwa ba," in ji Waisake. "Na riga na duba miki gidan nan kyauta."

"Da me? Da cikinka?"

"Da kunnena, yarinya. Wa ke buga lali a coci duk Lahadi?"

"Wani mutum da ke korar tsuntsayen unguwa."

Lali dai gangarmu ce ta itace, gungume ne ake fafe cikinsa, kuma tsakani da Allah mijina ya iya ta. Matsalar ita ce ya sani.

"Itacen kirki magana yake yi," ya ce, ya ja mu har bangon ɗakin baya, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsu. Kwam, kwam, kwam. "Kin ji? Waƙa ke nan. Goggo za ta kwana cikin ganga. Amma waɗancan tsofaffin dirkokin na ƙarƙashin gida, kurame ne duk, na buga na buga ko tari ba su yi ba. Su za ki ji tsoro."

"Kai ma shekara nawa ana bugunka ba ka yi magana mai ma'ana ba, ga ka nan a tsaye."

Ana haka mai dubawar ta iso. Glenys sunanta, wata gajeriyar tsohuwa fara mai tocila ɗaure a goshi, da sanda siririya mai dunƙule a baki. Ta gaishe mu, ta jingina tsani, kafin in ajiye kula ta shige cikin silin ta wata kafa da ko ƙafar Waisake ɗaya ba za ta wuce ba.

"Ikon Allah!" in ji Sala. "Ina ta shiga?"

"Wannan ba mutum ba ce. Kin kirawo mana aljana."

"Bi ta mana, tunda kai ne babban mai dubawa."

"Idan na hau, sai dai ki sayi gida mai taga a rufi."

Muna jin ta tana rarrafe a samanmu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Can sai ga ta ta sauko da wani dogon abu rataye a wuya kamar gyale. Saɓar mesa ce, jama'a, ta fi mijina tsawo! Na yi baya har na taka kular.

"Kina da ɗan haya a sama," Glenys ta gaya wa Sala tana murmushi. "Ki bar shi, shi ya sa ban ga kashin ɓera ko ɗaya ba. Rufinki lafiya lau."

"Ka ji, tavale? Ga wanda ke zama gidan mutane yana aiki. Je ka ka ɗauki darasi."

"Ni dai na ga danginku sun riga ki tarewa."

Daga nan muka bi ta ƙarƙashin gida. Ta bi dirkokin ɗaya bayan ɗaya tana bugu. Ɗif. Ɗif. Waisake ya ɗaga wa Sala gira. Glenys ta zaro sukundireba ta danna wa ɗaya da duk ƙarfinta, ƙarfen ya zame, ko ƙwarzane bai yi ba. Sai ta ajiye sanda ta shafa dirkar da tafin hannu.

"Wannan itacen ya girmi kakata," ta ce a hankali. "Ambaliyar kogin garin nan ta sha tsayawa a jikinsa, dubi layin laka a sama da kaina. Ba a samun irinsa yanzu."

Muka ɗaga kai muka ga layin. Lallai ruwan da ya kai can ya isa ya tafi da mota.

"Amma ai kurma ne," in ji Waisake, murya ta ɗan yi ƙasa.

"Haka ake so," ta ce, ta wuce.

Sala ta dube shi. "Maimaita mana zancen waƙar nan."

"Bari dai mu je ɗakin Goggo, za ki sha mamaki."

Mun sha kuwa. Glenys ta ɗora sandarta a bangon. Kwam. Ta tsaya. Ta matsa gaba ta sake. Kwam. Mijina ya buɗe haƙora yana jiran yabo, ni kuwa fuskar matar nake kallo, kuma ban ji daɗin abin da na gani ba. Ta ciro wata na'ura mai gilashi kamar waya, ta ce ita zafi take gani. Don ta nuna mana, ta sa Waisake ya dafa bango ya ɗauke hannu. Sai ga hannunsa a gilashin, ja wur, yatsu biyar, alhali bangon fari fat babu komai.

"Wayyo Allah, ta cire min kurwa!"

"Kwantar da hankalinka, ba wanda zai saya."

Glenys ta juya na'urar zuwa kusurwa. Wani jan abu ya bayyana, ya taso daga ƙasa ya yi rassa har saman taga. Babu wanda ya dafa wurin.

"Wannan hannun wa?" Sala ta tambaya.

Maimakon amsa, matar ta manna wani ɗan faifai a bango, ta miƙa wa Waisake abin sawa a kunne. "Kai ne makaɗi, ko? Buga, sannan ka saurara."

Ya buga sau uku. Ya kasa kunne. Na ga idanunsa suna girma, bakinsa ya saki.

"Vini," ya kira ni da raɗa. "Suna amsawa."

"Su wa?"

"Ban sani ba. Amma suna da yawa, kuma a tare suke bugawa. Na rantse ba wanda ya kuskure."

Na karɓa na sa. Kai! Kamar yayyafi a kan kwano, tsss-tak-tak-tak, daga ko'ina cikin bangon. Glenys ta ce gara ce, idan aka taɓa gidansu sai sojojinsu su riƙa buga kai a itace suna sanar da sauran. Na tsaya riƙe da kunnuwana ina jin gari guda yana kiran junansa a cikin bangon da na ɗauka fanko ne kawai da fenti. Tsoro ya kama ni, amma na kasa cirewa.

"Ashe dai ka samu 'yan amshi, tavale," in ji Sala, tana ƙoƙarin dariya.

Glenys ta ɗora ɗan yatsa kusa da taga ta danna kaɗan. Yatsan ya shige har gindi. Ƙasa-ƙasa ta zubo, da wasu fararen halittu suna ta gudu.

"Fenti ne kawai ke riƙe da ɗakin nan," ta ce. "An gina shi da itace mai laushi, an zaunar da shi kan ƙasa kai tsaye. Babban gidan ba su iya da shi ba, zai fi mu daɗewa duka. A kashe su, a rushe wannan, shi ke nan. Gida ne mai kyau, 'yata. Amma kada kowa ya kwana a nan."

Ta fita ta ba mu wuri. Sala ta zauna a dokin ƙofar ɗakin. Na jira baƙar magana, don yau kam mijina ya miƙa wuyansa da kansa, amma ba ta ce komai ba. Ban taɓa ganin su biyun sun yi shiru a wuri ɗaya ba, kuma abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

"Na ce mata tagar tana kallon bishiyar mangwaro," ta ce daga baya. "Har ta ɗinka labule. Ba ni da abin gina wani, Wai. Gara in janye."

"Zage ni mana," ya ce. "Don Allah zage ni. Ni na ce miki waƙa yake."

Ta share ido da gefen riga, ta daɗe tana kallonsa. Sai na ga bakinta ya fara motsi irin na mugunta.

"Kai ɗan wa?"

"Ɗan kawunki, kin sani."

"Ni kuwa 'yar mace. Ni vasu ce a gidanku, ko ƙarya na yi?"

A wajenmu vasu, wato ɗan 'yar'uwa, idan ya shiga gidan kawunsa ya nuna abu, ya zama nasa, babu musu babu roƙo. Sala ba ta taɓa nuna ko cokali ba.

"Nan Ostareliya ce," in ji Waisake. "Al'adar ba ta da biza."

"Tare muka shigo da ita a jaka ɗaya. Katakon nan da ke rumfar bayan gidanka, na nuna."

Katakon jirginsa ke nan. Tun zuwanmu ƙasar nan yake tara shi falle-falle, mai tauri, mai magani, wai zai ƙera jirgin kamun kifi irin na mahaifinsa. Na sha yi masa gori a kai, amma na san in ya dawo daga aikinsa a mahauta a gajiye, can yake zuwa ya zauna yana shafa shi.

"Duka?" ya ce.

"Har ƙusoshi. Da kai kanka, duk Asabar, sai an sa labule."

"Muguwa. Jikar mesa. Gara ma ta fi ki imani, ita ta bar fenti."

"Na nuna, tavale."

Ya dube ni. Ya dubi ramin yatsan da ke bango. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa da ruwan ido, ya laluba aljihu ya ciro makullin rumfar ya ɗora mata a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai.

"Je ki gaya wa lauyanki kin saya," ya ce. "Amma ni zan ɗauko Goggo daga filin jirgi. Ni zan gaya mata da bakina cewa a jirgin ɗan ƙaninta za ta riƙa kwana."